Ƙafar Hagu

A wani lungu bayan Kejetiya,
tsakanin mai tsoffin rediyo da mai gyaran fanka,
na same su kwance cikin kwali:
feda biyu, tagwaye, sanda ɗaya ta haɗa su.
Wani can a ƙetaren teku ya tattake su shekara da shekaru
har sunan kamfanin ya goge,
ya bar mini sawunsa a kan ƙarfe.

Mai kaya ya ce, "Zaɓi.
Ga mai ɗamara, laushi kamar tuwon shinkafa.
Ga mai ƙarfe zalla, ba ta jiran kowa,
sai dai kuɗinta hayar ɗakinka ne na wata shida.
Ga kuma mai sarƙa biyu."
Na ɗauki mai sarƙa.
Sarƙa dai na santa,
shekara huɗu ina raba burodi a keke cikin Aboabo.
Ya ƙi rage ko sisi.

A gida, dama ta yi magana tiryan-tiryan,
hagu kuwa in'ina.
Sandar tsakiya na da wasa,
in na taka yau, sai gobe bugun ya iso.

Na ɗauke ta zuwa Suwame, unguwar makanikai.
Masta Labaran ya kai ta kunne, ya girgiza.
"Boris ya mutu. Na wace mota ce?"
Na ce ta kiɗa ce.
"Wane kiɗa?"
Na ce, kiɗan ƙarfe ake ce masa.
Ya dubi masu walda, ya dubi masu bugun bodi,
ya yi dariya har sifana ta faɗi:
"Mu nan tun asuba shi muke yi, ba mai tafa mana."
Ya ciro boris daga gawar wani babur,
ya shafa giris da babban yatsa,
ya ce in sayo masa koko kawai.

Dare uku ina durƙushe gaban ganga.
Na ɗaure sifirin tamau, ya harbo ni kamar jaki.
Na sassauta, gula ta kwanta jikin fata ta yi barci.
Rabin juyi. Taka. Rabin juyi kuma.
Na daidaita gulolin biyu, kafaɗa da kafaɗa,
na juya fuskar auduga baya, ta roba gaba,
don kowane bugu ya fito da haƙoransa.
Matashin kaina ya koma cikin ganga,
ni na koma kan hannu.
Tsohon kafet na mota a ƙasa, kada kaya su gudu.
Kujera na ɗaga, har gwiwa ta sauka ƙasa da ƙugu.

Duk da haka, hagu tana baya.
Laifin ya ƙare a ƙarfe,
saura nama.

Rana ta huɗu Inna Zuwera ta ɗaga labule,
tef na awo rataye a wuya.
Na zaci ƙarar hayaniya ta kawo.
Ta tsaya tana kallon ƙafata.
"Kai kunama kake kashewa?
Cinya ba ta da aiki a nan. Idon sawu.
In ka taka, sake shi.
Feda ta san hanyar gida."

Ta zaunar da ni kan kekenta,
wanda ya biya kuɗin makarantar mutum biyar,
ta ce, hagu kaɗai, kalmashe bakin zanen nan.
Ɗinkin ya fito kamar tafiyar maye.
Ta farke. Na sake.
Ta farke.

Yanzu in ruwa ya sauko kan kwanon Asawase
ba mai jin kowa,
sai mu biyu, bango tsakani:
ita da allurarta, ni da tagwayena.
Dama, hagu, dama, hagu,
diddige sama, haƙora a cije.

Jiya na kusa kamo ta.
Ta ji.
Ta ƙara gudu.