Haruffa Goma

Wata uku muna bin gida-gida,
ni da Mutari da babur ɗinsa mai tari,
daga Garin Malam har bayan duwatsun Birni,
muna tambayar mutane labarin ruwa.
Gida ɗari bakwai da sha ɗaya.
A wasu an ba mu tabarma,
a wasu an amsa mana ta bayan ƙyaure.

Ni na raɗa wa kowace tambaya suna,
kuma ban yi rowar haruffa ba:
nisan_rijiya_daga_gida,
ruwan_sha_da_rani,
ruwan_sha_da_damina,
yara_da_suka_rasu,
yara_da_suka_rayu.

Ran Talata, bayan la'asar,
na ɗauki kayan duka zan zuba cikin taswira.
Na'ura ba ta yi musu ba, ba ta yi gargaɗi ba.
Ta karɓa, ta sa almakashi.
Ashe ƙofar rumbun nan
harafi goma take wucewa.
Na sha ɗaya ya kwana a waje.

Nisan rijiya ya koma nisan_riji.
Wannan da sauƙi, ko yaro zai ƙarasa.
Amma rani da damina sun shiga riga ɗaya,
ruwan_sha_, sai ƙaramin layi a ƙarshe
kamar wutsiyar ƙadangaren da ya tsere.
Da na'ura ta ga tagwaye
sai ta liƙa wa ɗaya lamba.
Wanne ne watan da tulu ke cika?
Wanne ne watan da ake kwana a bakin famfo,
jarkoki a jere kamar masu jiran gaisuwa?
Lamba ba ta sani ba.

Har ɗ ɗinmu mai ƙugiya,
a kuɗin_ruwa,
kujera biyu ta ci ita kaɗai,
aka kori wasalin ƙarshe don a ba ta wuri.

Sai na gangara ƙasa na gani:
yara_da_su.

Iya Habsu ce ta faɗo mini a rai,
ta kusa da marina, mai tsinken goro a kunnen zane.
Na tambaye ta, ta yi shiru,
ta ɗaga yatsu uku,
ta ce biyu a shekarar da rijiyar unguwa ta yi wari,
ɗaya kuma Allah ne ya san dalili.
Ta faɗi sunayensu, ko da ban tambaya ba.
Takardata ba ta da gurbin suna.
Na rubuta uku.

Yanzu ga ukun nan a allo
ƙarƙashin yara_da_su,
kamar suna tsakar gida suna jiran tuwo.

Mutari ya leƙo da shayi a hannu.
Ya ce, sa musu T1, T2, T3,
haka ake yi ko'ina, Zuwaira,
Yamai na jiran taswira ran Alhamis.
Na ce suna linzami ne.
Ya ce to doki ya ƙi linzamin,
ke sai ki bi shi da igiya.

Na bi shi da igiya.
Na zauna har aka kira isha,
ina gutsure sunaye da hannuna
gwamma ni in yanka da in bar wa almakashin makaho:
sha_rani,
sha_damina,
yara_rasu,
yara_rayu.
Na ƙirga kowanne a yatsu
kamar mai canjin dala a kasuwar Dole.

Sannan na jawo littafi mai bangon shuɗi,
na ja layi a tsakiya.
Hagu guntun suna, dama cikakkensa,
da tambayar kamar yadda baki ya furta ta.
Na kwafe shi a na'ura, na ajiye kusa da taswirar,
ko wani zai buɗe bayan na bar aikin nan.
Ban tabbata zai buɗe ba.

A shafin ƙarshe, inda ba mai ƙirga mini haruffa,
na rubuta:
Sa'adatu, Mahamman Lawali, da ƙaramar, Tsahara.

Wuta ta ɗauke kafin in rufe.
A waje wani ɗan ga-ruwa yana tura amalanke,
ƙafa ɗaya tana kuka.