Layi Huɗu, Jajaye

A Zuru, bayan cocin da rufinsa ke yoyo ta gabas,
kakana Istifanus yana da akwatin ƙarfe.
Cikin akwatin tsohon zane, cikin zanen littafi,
wani Fada ya bar masa ran da zai koma ƙasarsu
da tari a ƙirji. Bai sake dawowa ba.

Hoto ne aka buga, in ji kaka.
Na ainihin fatar maraƙi ce, tana ƙetaren teku,
an kulle ta cikin gilashi,
ta girmi kukar da ke bakin kasuwa.

Layi huɗu, jajaye, miƙe kamar kunyar gona,
baƙaƙen ɗigo masu kusurwa sun sauka a kai
kamar tsattsewa kan waya:
wannan ta hau, waccan ta sauko, uku sun rungumi juna.
Harafin farko ya cinye rabin shafi,
ruwan zinari, shuɗi, ganye na naɗe da ganye,
a cikinsa ɗan mutum mai aski a tsakar ka, baki buɗe.
Can ƙasa, a gefe, zomo na busa ƙaho.

"Latin ne, Rifkatu. Ban san rabin ma'anarsa ba.
Na dai san inda ake numfashi."

Wata ranar kasuwa ruwa ya tsare Malam Hambali,
mutumin Jega, mai sayar da tawada da alƙalamin gamba,
wanda ya rubuta Alƙur'ani bakwai da hannunsa.
Ya fake a barandarmu, gafakarsa ƙarƙashin riga.
Hira ta ja hira, kaka ya ɗauko akwati.

Malam ya goge hannu a rigarsa, sau biyu.
Bai tambayi abin da rubutun ke faɗa ba.
Ya kai shafin kusa da hanci, don idonsa ya fara gudu.

"Nan alƙalaminsa ya bushe, ya sake tsomawa.
Nan ya gaji, dubi wutsiyar harafin ta karkace.
Nan sanyi ya kama masa yatsa.
Nan ya tsallake kalma, ya dawo ya cusa ta a sama,
ƙarama, tana jin kunya.
Ni ma shekaranjiya haka ta same ni.
Jan nan daga baya ya sa shi, bayan baƙi ya sha iska.
Mu ma haka muke sa wasali.
Zomon kuwa," ya yi dariya har da tari,
"maigida ya fita ne, yaro ya samu alƙalami."

Sai kaka ya gyara murya.
Yatsan Malam na tafiya daga hagu, hanyar da bai saba ba,
muryar kaka na bin sa a baya,
ta hau, ta sauko, ta daɗe kan wasali guda
kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.
Inda tawadar mutumin nan ta ƙare,
daidai nan kaka ya tsaya ya ja numfashi.
Suka dubi juna. Ruwa na dukan kwano.

Da aka ɗauke, Malam ya bar ƴar kwalbar jar tawada,
ya ƙi karɓar ko sisi.

Shekara tara ke nan da rufe kaka.
A coci yanzu ganga muke bugawa da jita,
ba wanda ke iya bin tsattsewan nan.
Ni ma baiti ɗaya na riƙe, shi ma da rami a tsaka.
Gara ta ci kunnen zomo.
Tawadar ta daskare a gindin kwalba,
amma jiya na ɗiga mata ruwa da ɗan ƙaro,
na juya da tsinke,
ta tashi.