Sunan Albasa a Garnada

Ran Talata na dawo Aliero,
ran Laraba da asuba Baba ya miƙo mini fartanya.
Bai tambayi tsaraba ba.
Sai da muka sakar wa fangali na uku ruwa
ya ce, "To, Nomau, mi kag gani?"

Mu goma sha huɗu ne, Baba,
da Malama Ige mai ƙirga kawunanmu a kowace tasha,
in ta samu sha uku sai ta tuna ba ta ƙirga Ishaya ba,
yana can yana cinikin takalmi da yatsu.

Da safe aji.
Harshensu yana da wata ra mai kaɗawa
kamar injin ban-ruwanmu in ya sha mai,
wannan ba ta ba mu wuya ba.
Abin da ya kayar da mu, sun raba "zama" gida biyu:
akwai na abin da kake tun asali,
akwai na inda ka tsaya yau.
Sati guda ina cewa ni gajiya ne
alhali gajiya kawai na yi.

Matar da ta sauke mu, tsohuwa Remediyos,
ta ga ina tashi cikin duhu ina lallaɓa famfo.
Kwana na uku na tarar da tawul a ƙofa
da ɗan kilishi mai jan baki.
Ba ta ce komai ba, ni ma haka,
don ban kai darasin godiya mai tsawo ba.

A teburinta na fara jin dangi.
Ta ce asukar, na ce sukari.
Ta ce alkalde, na ce alƙali.
Ta ce ohala, tana ɗaga ido sama,
ni kuwa na ji in sha Allahu
ya yi tafiyar shekara ɗari takwas ƙafarsa ta ɗan karkace.

Mun je Kurɗuba a mota.
Ginshiƙai, Baba, ja da fari, sun fi itacen fadamar nan yawa.
Azahar ta same mu a ciki.
Gwiwata ta san wurin kafin ni,
mai gadi ya ɗaga yatsa, ya girgiza kai, a hankali.
Ban yi fushi ba sai daga baya.
Ishaya, ɗan Zuru, ya riga ya durƙusa a bencinsu,
ya buɗe ido ya gan ni tsaye kamar baƙon da aka manta.
Ya taso bai gama ba.
Muka fita bakin kogi, ya duba alƙibla a wayarsa,
ya riƙe mana jakunkuna mu tara,
yana korar tantabaru daga gabanmu
har muka sallame.
Da dare na raka shi nasa taron,
na zauna a dakali ina jin waƙarsu ta taga,
na gane kalma biyar.

Amma abin da na so ka gani
yana bayan gari, inda ba a kai baƙi.
Na ɓace ne na same shi:
wani dattijo da laka a ƙafa
yana buɗe wa kwatami baki da fartanya,
ruwan yana bin layi yana shiga fangali,
yadda kake yi yanzu, har tsayuwar.
Na nuna shukar, ya ce seboya.
Na ce albasa. Ya tuge ɗaya ya ba ni.
Ta fi tamu zaƙi, ba ta kai tamu faɗa ba.

Baba ya toshe bakin ruwa da dunduniya.
"Mi yac ce sunanta?"
Seboya.
Ya juya kalmar a baki kamar goron da bai sani ba.
"Tana ajiyuwa har bazara?"
Na ce ban tambaya ba.
Ya dube ni.
"Sati ukku, Nomau."

Rana ta fara taɓa ganye.
Can kan hanyar Jega wata mota tana jiran buhuna.
Muka matsa fangali na huɗu.