Gindin Madatsa

A Ohayo, bayan ƙauyen Pellam,
akwai tafkin da hannu ya tare.
Ganuwa ce ta yumɓu, an lulluɓe ta da ciyawa,
shekara sittin tana goye da ruwa
ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ranar Asabar na je dubiya.
A sama yara na tsalle daga kwale-kwale,
wani na gasa nama, wani ya jefa fatsa ya yi barci.
Ni aikina a ƙasa yake,
a bayan ganuwar, inda ba mai ɗaukar hoto.
Takalmin roba, sanda, da kwalbar da zumarta ta ƙare.

Tsoho Wendell Ostrander ne ke aske ciyawar.
Ya ce, "Tun ina da gashi nake nan,
ban taɓa ganin ta motsa ba."
Na ce, baba, ita ƙasa ba ta sallama.
Sai ya rage murya, ya nuna da haɓa:
"Can dai injina ke nutsewa,
ko da an yi wata ba ruwan sama."

Wurin ya fi ko'ina kore.
Koren nan na tsorata da shi.
Na durƙusa, na tara kwalba,
na ɗaga ta saitin rana.
Da garau ya fito, da na ce zufa ce,
kowane mai ɗauke da kaya yana yi.
Amma ruwan ya zo da gari-gari,
yana sato ganuwar cokali-cokali,
ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Na ƙirga ramukan gafiya, bakwai.
Na ga kututturen da aka sare aka bar saiwa,
ta ruɓe a ciki, ta bar wa ruwa hanya.

Daga nan na juya, na dubi kwari.
Gida goma sha tara.
Coci mai farin hasumiya,
lilon yara, igiyar shanya,
da rufin Loretta Vance, wadda ke tafiya da ƙarfe huɗu.
Minti goma sha ɗaya, in ji lissafi,
tsakanin tsagewa da ƙofarta.
Ita kuwa minti goma take yi kafin ta sa takalmi.

Da dare aka taru a zauren masu tafki.
Na ce a rage ruwa ƙafa shida.
Wani ya miƙe, fuska ja:
"Ka san nawa gidana zai faɗi
in tagata ta koma kallon taɓo?"
Wata ta tambayi kuɗin gyara, na faɗa,
zauren ya yi tsit kamar an yi rasuwa.
Masu tafki a tudu suke kwana.
Ba a gayyaci mutanen kwari ba.

Ban yi musu ba.
Na ajiye kwalbar a tsakiyar tebur.
Muna magana tana kwanciya,
har laka ta taru a gindinta kaurin yatsa.

Ba a yanke komai ba, sai wani zaman.
Amma da asuba na ji ƙarar ƙarfe.
Wendell ne, shi da wani saurayi,
suna kokawa da makunnin magudana,
wanda tsatsa ta riƙe tun kafin a haifi yaron.
Na ajiye takarduna, na kama gefe ɗaya.