Minti Huɗu

Daren Laraba, ofishin haya a bayan Taminus,
shayi ya huce tun ƙarfe tara.
Mu biyar ne da takarda ɗaya,
sunaye talatin da ɗaya, gurbi goma sha biyu.

Kuɗin da za a tara na katanga ne,
a kewaye kududdufin kuza na bayan Bukuru
wanda aka haƙa aka tafi aka bar mana,
ruwa kore, lumui, ba ya faɗin zurfinsa.
Bara ya ci yara shida.

Kachollom ta ce mai molon Bamako ta yarda,
amma da makaɗa huɗu da tikitin jirgi,
ta sauka Abuja, mu ɗauko ta a mota,
kada ramukan hanya su fasa mata ƙwarya.
Na Landan ya aiko sharuɗɗa shafi uku:
ruwan ɗumi, farin tawul,
kuma kada a ɗauke wuta.
Muka yi dariya har Zakari ya ƙware,
sannan na rubuta janareto biyu.

Mai tallafi ya bugo daga Legas
da tambayarsa ta kullum:
mutum nawa ke bin wannan a waya?
Haka muke auna murya yanzu,
kamar dankali a Farin Gada,
wanda bai cika buhu ba biro ya hau kansa.

Na soke yarinyar Yamai, na ji zafi.
Na soke ƙungiyar coci ɗaya cikin biyu,
sai aka ce to a cire mai bege ɗaya,
don garin nan ko jerin suna
sai an ɗora shi a sikeli.

Na talatin da ɗaya da fensir yake.
Baba Cindo, mai gurmi. Ni na sa shi.
Ba shi da waya, ta maƙwabci ake kira.
Jikansa Ɗanliti na cikin shidan nan.

Tasalla ta ce zai sa zaure ya yi sanyi.
Zakari ya ce duniya na kallo kai tsaye,
wa zai fassara musu?
Ban yi musu ba.
Kuɗin bulo yana maƙogwaron na Landan,
da ruwan ciki kan ja na rijiya.
Na juya fensirin, na goge.

Da hantsi sai ga shi da kansa,
gurmi a cikin buhun shinkafa, hular sanyi har kunne.
Na kwana ina shirya ban haƙuri,
bai bar ni na fara ba.
Ya kwance leda, ya kwance wata a cikinta,
naira dubu biyu da ɗari uku, duk sun yi laushi.
Ya ce, bulo nawa wannan zai saya?
Na ce huɗu, Baba, in an yi ciniki.
Ya ce, to a sa su ta gabas,
ta nan suke gangarawa.

Bai tambayi jerin ba.
Ya saɓa buhunsa ya sauka bene a hankali.

A jadawalin akwai wani gurbi
tsakanin Bamako da Landan,
minti huɗu, sa'ad da ake sauya ganguna
fitilu sun rage, mutane na neman ruwa.
Ban kira kowa ba.
Na rubuta wa mai sauti, da biro wannan karon:
kujera ɗaya, gajera,
a bar makirfo ɗaya a kunne.