Wuƙa Uku a Rumfar Sallau

Ta babana ta sulale a Adaidaita Sahu,
tsakanin Ƙofar Mata da Mandawari.
Na lalubi aljihu, huda ta gaishe ni.
Shekara goma sha tara muna tare,
Talata guda ta tafi ba sallama.

Bayan la'asar na gangara Kurmi,
na bi lungun da warin jima ke tarar baƙo,
har rumfar Baba Sallau,
wanda ya ba wa tartsatsi ido ɗaya tun yana zuga,
ya riƙe ɗayan domin ciniki.
Bai tambayi abin da ya kawo ni ba.
Tafina ya duba, ya jera uku a kan buzu.

Ta fari ƙotar ƙaho gare ta,
baƙi mai ratsin fari, gemun da ya soma furfura.
A Tamburawa aka fitar da ruwanta
daga ƙarfen motar da ta gaji da hanyar Zariya.
Ba ta buɗuwa sai farce ya lallashe ta.
Nauyi gare ta. In tana aljihu,
riga kan karkata ta tona maka asiri.
"Wannan," in ji Sallau, "mantuwa ce ke sa mata tsatsa.
Ɗigon man gyaɗa take so ran Juma'a, shi ke nan.
Amma rake na hango ta yake tuɓe riga."

Ta biyu a kwali ta zo, ta ƙetaro ruwa.
Fara fat, har haƙorana na gani a jikinta.
Ka taɓa ta ta ce ƙyas, ta miƙe tsaye,
ga 'yan'uwa a cikinta:
almakashi, mabuɗin kwalba,
da wani murɗaɗɗe da Sallau ma bai san aikinsa ba.
Damina ta zo ta wuce, ba ruwanta.
Na ce, "To ina laifinta?"
Ya jawo dutsen washi, ya goga, ya sake gogawa,
dutse ya yi ta kuka, ita ko a jikinta.
"Ran da ta dakushe," ya ce, "ta gama magana."

Ta uku siririya, ƙanwar askar wanzami,
icen marke da ƙusar tagulla ɗaya tak.
Ba makulli. Amana ce kawai tsakaninku.
Ita ke fiƙe alƙalami har ya yi bakin tsuntsu,
ta raba goro huɗu ba ta ɓata ko ɓarɓashi,
ta zaƙulo ƙaya daga dunduniyar yaro.
Na ji ta zauna a hannuna kamar ta san ni.
Sallau bai ce komai ba,
babban yatsansa ya juyo mini:
farin tabo daga gaɓa zuwa farce.

Na tsuguna ina lissafin abin da nake yankawa.
Zaren da ya zarce a wuyan riga,
igiyar ragon layya, bakin buhun gero,
da lemon Tasalla, 'yata,
wadda ba ta sha sai ɓawon ya sauko zare ɗaya
ta rataya a kunne ta ce ita amarya ce.
Ta babana washi ya cinye ta
har ta koma jinjirin wata,
ba ta kai ko ɗaya cikin ukun nan kyau ba.

Na ɗauki mai ƙaho. Muka ja, muka sassauta,
albarka biyu, sallama ɗaya.
Na miƙa kuɗi, ya maƙe hannu,
ya zira yatsa a aljihuna ya ɓullo ta ƙasa.
"Ga tela can kusa da masu kwalli.
Je ka dawo. Ba na aurar da 'ya gidan da ba ƙyaure."

Da magariba na sayi lemo a bakin Jakara.
Ɓawon ya tsinke sau biyu.
Tasalla ta dube ni, ta dubi baƙuwar,
ta ce, "Baba, ba ta san mu ba tukuna."