Ƙafar Baba Tanimu

Ƙwarangwal nake ce mata.
Bututun ƙarfe na lanƙwasa na yi mata haƙarƙari,
na ɗaura mata injin tsohuwar Bitil a baya.
Ba ƙofa, ba gilashi, ba rufi,
kujera biyu, da tayoyi masu kaushin bayan kada.

Ran Lahadi ta so ta kashe ni a gangaren Kufena.
Na taka birki, ƙafata ta nutse
kamar na taka ruɓaɓɓiyar gwanda.
Suri ne ya tare mu.
Allah Ya yi wa gara albarka.

Yau ga ta kan jak a bayan gidanmu, Tudun Wada.
Shitu yarona ya tafi biki Giwa,
aikin nan kuwa na mutum biyu ne:
ɗaya a sama yana takawa,
ɗaya a ƙasa yana cin ƙura.

Baba Tanimu ya kashe rediyo, ya ce, "Ɗaga ni."
Shekara talatin da ɗaya yana jan jirgin ƙasa,
Zariya zuwa Ƙaura, Ƙaura zuwa Zariya.
Yanzu sanda ke kai shi masallaci.
Na cicciɓe shi na zaunar,
bai kai nauyin taya biyu ba.

Na fara da tayar baya, wadda ta fi nisa da masta.
Sifana mai lamba takwas, siririn tiyo,
kwalbar lemo da ɗan mai a gindinta.
"Taka, Baba. Taka. Taka. Riƙe."
Na kwance.
Mai ya fito baƙi kamar shayin jiya,
kumfa na bin sa a jere kamar ƙwan kwaɗo.
Na ɗaure. "Saki."

Taka, riƙe, saki,
tun hantsi har aka kira azahar a Kofar Doka.
Na ƙara mai sau shida kada tulun ya ƙafe.
Taya huɗu, iska ta fita kaf,
mai ya koma garau kamar man gyaɗa sabon tatsa.

"Riƙe, Baba."
"Na riƙe. Tana tafiya."
"Ka riƙe mana!"
"Ladan, tana tafiya."
Daga ƙarƙashin mota, bakina cike da tsatsa,
na ce, "Ƙarfin ne babu."

Kaza ta wuce da 'ya'yanta.
Mai kunun aya ta yi shela a lungu, ta yi nisa.

Sai ya ce, "Zo ka zauna."
Na matsar da shi kujerar gefe, na taka da ƙarfin saurayi.
Feda ta tsaya ƙyam.
Sannan a hankali, a hankali,
ta sauka kamar guga a rijiya
har ta taɓa ƙasa.

Na bi kowane bututu da yatsa, a bushe.
Ko ɗigo babu a ƙasa.
Bai dube ni ba, sitiyari yake shafawa:
"Mai iska tun farko take taushi.
Wannan tana ba ka hannu ne, sannan ta zare.
Ciki take yoyo. Buɗe masta."

Roba ce, ba ta fi zobe ba,
ta tsage a gefe kamar faso.

Na sa ta a aljihu na hau acaɓa zuwa Sabon Gari.
Okwudili ya zazzage gwangwani uku kafin ya samo irinta.
Duk hanya ina jera kalmomin ban haƙuri,
a gadar Kubanni suka watse.

Na tarar ya koma kujerar direba da kansa,
ban san yaya aka yi ba,
sanda a kan cinya, ƙafa a kan feda.
"Da ka buɗe masta iska ta sake shiga," in ji shi.
"Daga wace taya za mu fara?"

Na kwanta a ƙasa, na lalubo sifana.
"Taka, Baba," na ce,
ba irin yadda na faɗa ɗazu ba.